Kat-kat ta ƙi shiga? A duba tiyo kafin a kwance giya

Da damina ta sauka, duk direban da ya bar kwalta a Tsarnawa, Galmi ko Badagishiri ya nufi ƙauyukan Maggiya, ya san laka ba ta wasa. Idan ƙafafun gaba suka ƙi ja, albasa ta ruɓe a hanya, ko mai naƙuda ta kwana a daji.

A yawancin Mitsubishi L200 da wasu tsofaffin Toyota Hilux, zuƙar iska ce ke haɗa ƙafafun gaba. Iskar tana bi ta siraran tiyo na roba, waɗanda zafi da ƙura ke tsattsagawa. Shi ya sa muke ganin fitilar kat-kat ta L200 tana ƙyaftawa ba ta tsayawa.

Shawararmu, a fara da mai arha. A tada inji, a saka kat-kat, a zare tiyon a ɗora yatsa. In yana zuƙa, a duba robar da ke cikin gwangwanin gaba, ƙila ta huje. In babu zuƙa, a bi tiyon har ƙananan bawul na lantarki, a duba wayoyinsu. A motar gazuwal, in birki ma ya yi tauri, famfon iskar ne abin zargi.

Muna kira ga direbobin Ƙonni, Malbaza da Illela: ku gwada kat-kat a rairayi tun kafin ruwan farko, ku kuma ajiye guntun tiyo cikin mota.