Daga Takobi zuwa Kantun Gishiri

Duk wanda ya ci kasuwar Madawa ko ta Buza ya san kantun gishirin Balma. Amma ba kowa ya san tarihin mutanen da suka daɗe suna kawo shi ba.

A shekara ta 1674, Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya ci Kabawa da yaƙi, ya karɓe ƙasar Adar. Lisawan suna cikin Abzinawan da suka rako shi, jikokinsu suna Keita har yau. Cikin ƙarni na 18 kuma, Kelgeres suka baro duwatsun Abzin, suka gangaro kudu. Sun zauna wajen Galma da Azarori, kusa da Madawa.

Zamanin nan da wuya yake. Mayaƙa bisa raƙuma, da takobi da mashi da garkuwar fata, suna kai hari, su kora dabbobi, su kama bayi. Manomi yakan ba da dammunan hatsi don a bar shi lafiya.

Amma Kelgeres fatake ne kuma. Bayan kaka sai su ɗora wa raƙuma hatsi, su ratsa hamadar Tenere har Balma, su komo da gishiri da dabino. Wani gishirin yakan wuce har Sakkwato da Kano. Da damina su kai dabbobi Ingal lasar gishiri, nesa da shuka. A 1901 sun kara da sojan Faransa a Galma, bindiga ta fi ƙarfin takobi. Hari ya mutu, fatauci ya ci gaba.

An yi irin wannan a arewacin Turai. Can akwai waɗansu mutane da ake kira Bikin, mutanen ƙasashen Nowe da Danmak da Suwidin. Raƙumansu jiragen ruwa ne na katako, hamadarsu teku ce. A 793 suka afka wa wani gidan ibada a Ingila, suka kwashe dukiya. Duk da haka suna sayar da fatu, su sayo azurfa, har Bagadaza ta san hajarsu. A 911 sarkin Faransa ya ba shugabansu Rolo ƙasa ya zauna. Jikokinsu suka zama manoman Normandi, suka auri ƴan ƙasa, suka ɗauki harshensu.

Nan ma haka abin ya kasance. Makiyayi yana bukatar hatsi da kara. Manomi yana bukatar taki da nono da gishiri. Garke in ya kwana a gona bayan girbi, mai gona ya samu taki ba da ko dala ba.

Saboda haka manomi kada ya nome burtali ko ya toshe hanyar rijiya. Makiyayi kuma ya jira ranar sakin gonaki. In ɓarna ta auku, a kai magana gaban maigari ko hakimi, kada a zare takobi. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.