Wasan Kwaikwayo Don Koyon Sulhu

Kafin a tura jakadu teburin sulhu, ana horar da su ta wasan kwaikwayo. Mu ma a Sabon Birni da Isa muna iya gwada wannan kafin kaka, lokacin da rigimar gona da burtali takan taso.

Ga yadda ake shirya shi. A raba jama'a uku: manoma, makiyaya, da masu sulhu. A ba kowane ɓangare takarda a asirce mai abu biyu: abin da zai nema a fili, da ainihin bukatarsa. Manomi zai nemi diyya, amma tsoronsa yunwa ne. Makiyayi zai musanta ɓarna, amma bukatarsa hanyar mashaya ce. Aikin mai sulhu shi ne ya gano wannan ta yin tambaya.

Bayan minti 30 a yi musanya, manomi ya zama makiyayi. Daga nan a tattauna abin da aka koya. Kada a ambaci sunan kowa a gari.

Wannan na rigimar maƙwabta ne. Batun 'yan bindiga na hukuma ne. A buɗe taron da karatun Farawa 13, inda Ibrahim ya bar wa Lutu zaɓi.