Ina 'Ya'yan Asata A Makarantun Jarida Na Duniya?

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Asata, cikin birnin Inugu, ya san abin da ke biyo bayan sallar asuba. Da an sallame a babban masallacin nan na titin Owerri sai jama'a su gangaro wajen masu shayi, kafin a gama haɗa kofin farko an riga an buɗe rediyo. Fataken goro da dillalan shanu da teloli da masu canjin kuɗi kowa ya kasa kunne. Landan suke nema, in an gama su juya Jamus, wasu a akwati wasu a wayar hannu. Haka abin yake a zangon Hausawa na Anacha, haka kuma a Fatakwal. Mutum yana zaune a tsakiyar ƙasar Ibo, amma labarin abin da ya auku jiya a bayan kasuwarsu sai ya je Turai ya dawo sa'an nan zai gaskata shi.

Wannan kuwa ba abin dariya ba ne, domin muryar da yake saurara ita ce iyayensa ke saurara a Kano da Sakkwato da Maradi, kuma da abin da ta faɗa za su san ko ɗansu yana lafiya. Saboda haka horon da aka yi wa mai wannan murya, da inda ya samo shi, ya shafi mazaunin Asata fiye da yadda ya shafi ɗan boko mai neman ƙarin girma a ofis.

Mai karatu zai ce na kai maganar da nisa. To, bari mu tuna baya. Masu rubuta tarihin yaƙin basasa da dama sun ambaci cewa a ƙarshen watan Satumba na 1966 gidan rediyon Kwatano, a ƙasar da ake kira Dahomi a lokacin, ya watsa labarin wai ana kashe 'yan Arewa a Jihar Gabas, gidan rediyon Kaduna kuma ya ɗauka ya maimaita. Ƙasa dama tana kan wuta tun juyin mulkin Janairu da na Yuli. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: aka kashe dubban Inyamurai a garuruwan Arewa, aka rama a kan 'yan Arewa mazauna Gabas, sa'an nan cikin Oktoba gwamnatin Ojukwu ta ce duk wanda ba ɗan jihar ba ne ya fita. Zangunan Inugu da Anacha da Fatakwal suka watse, sai bayan an gama yaƙi cikin 1970 mutane suka soma komowa da kaɗan kaɗan. Ba na cewa labari guda ne ya jawo wannan masifa, ai tushenta ya fi haka zurfi. Amma akwai wani mutum da takardar nan ta biyo ta teburinsa, ya karanta, ya miƙa a watsa, bai tsaya ya nemi wanda ya gani da ido ba.

Bayan shekara 40 aka sake ganin irinta. Cikin Satumba na 2005 wata jarida a ƙasar Denmak ta buga zane-zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ran 18 ga Fabrairu, 2006, zanga-zangar da aka yi a Maiduguri ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka kashe Kiristoci aka ƙone coci-coci. Ba a yi kwana huɗu ba aka far wa Hausawan Anacha, aka kashe da yawa, aka ƙone masallatai, waɗanda suka tsira wasu suka fake a barikin soja, wasu suka ƙetare gadar Kwara suka nufi Asaba. Mai sayar da albasa a Anacha bai san inda Denmak take ba, amma labarin can ne ya raba shi da rumfarsa. Wannan shi ne abin da ake nufi da labarin duniya, kuma shi ake zuwa koyon sarrafawa.

Abin mamaki, wannan yanki na Gabas shi ne ya riga kowa a Nijeriya mai da aikin jarida karatun jami'a. Dokta Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru cikin 1904 ya kuma tashi da Hausa a bakinsa, ya tafi Amurka cikin 1925, ya yi digiri har da na biyu a jami'o'in Lincoln da Pennsylvania. Yana karatun yana rubuta wa jaridun baƙar fata na can, watau ilmin aji da na hannu tare ya ɗebo su. Da ya komo ya yi edita a Ankara ta ƙasar Gana, kana ya kafa West African Pilot a Ikko cikin 1937. Daga nan sai ya yi ta dasa rassa: Eastern Nigeria Guardian a Fatakwal cikin 1940, Nigerian Spokesman a Anacha cikin 1943, cikin 1949 kuma ya mai da Comet Kano, inda samarin NEPU suka sami bakin magana. Da aka buɗe jami'ar Nsukka cikin 1960, shekara na zagayowa aka kafa mata makarantar jarida mai sunan Jackson, don tunawa da mutanen nan biyu, uba da ɗa, masu jaridar Lagos Weekly Record. Daga Asata zuwa Nsukka tafiyar sa'a ɗaya ce da 'yan kai a mota.

Mu a Arewa ta wata ƙofa muka shiga. Alhaji Abubakar Imam, Allah ya ji ƙansa, bai yi makarantar jarida ba, a bakin aiki ya koya tun da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairu na 1939. Cikin 1943, ana tsakiyar yaƙin Hitila, aka gayyaci editoci takwas na Afirka ta Yamma zuwa Ingila su ga yadda ake aiki, Imam da Azikiwe suna ciki. A can Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, Imam bai sa mata hannu ba. Amma ya komo da littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda a ganina shi ne rahoton ƙasar waje na farko mai tsawo da wani ɗan jarida ya rubuta wa masu karatun Hausa.

Babbar makarantarmu kuwa ta zo ne ba da sunan makaranta ba. Ran 13 ga Maris, 1957, Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ya buɗe sashen Hausa na BBC da shiri na minti 15. Cikin shekarun 1960 Jamus da Sin suka bi sahu, Muryar Amurka ta shigo cikin 1979, Faransa kuma sai 2007. Al'adar da aka daɗe a kai ita ce a ari ma'aikaci daga gidan rediyon gida, ya yi shekara biyu ko uku a Landan ko Kolon, ya komo. Ba a ba shi wata takardar shaida, amma ya zauna inda labari ba ya fita sai an same shi ta hanya biyu da ba su san juna ba, inda dole ya faɗi wanda ya ba da adadin mamata, inda in ya ƙara gishiri cikin fassara edita zai dawo masa da takardarsa. Da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe gidajen watsa labarai na ƙasar nan ta can suka biyo. Alal misali Dokta Mansur Liman, daga shugabancin sashen Hausa na BBC aka naɗa shi shugaban Rediyon Tarayya cikin 2016.

Karatun gaba da digiri ya zo daga baya. A Birtaniya, Tom Hopkinson, wanda ya horad da 'yan jaridar Afirka a Nairobi cikin shekarun 1960, shi ya kafa cibiyar nazarin jarida a jami'ar Cardiff cikin 1970, ita ce ta farko irinta a ƙasar. Digiri na biyu a can shekara guda ne, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin albashin ɗan jarida nesa ba kusa ba, don haka yawancin namu ta sukolashif ɗin Chevening suke bi, wanda gwamnatin Ingila ta fara cikin 1983. Sharuɗɗansa a fili suke: digiri na farko mai kyau, da aikin da ya kai kimanin shekara biyu, watau sa'a 2,800, da alkawarin komowa gida a zauna aƙalla shekara biyu. Ita ma cibiyar Reuters ta jami'ar Oxford cikin 1983 ta fara karɓar 'yan jarida, sai dai ita ba digiri take bayarwa ba. Wanda ya ƙware take ɗauka, ya yi 'yan watanni yana bincike a kan matsala ɗaya da ta dame shi a aiki. A Jamus kuwa, tun 2009 makarantar gidan rediyon Deutsche Welle da ke Bon take haɗa kai da jami'o'in yankin ana yin digiri na biyu na shekara biyu, aji da situdiyo a haɗe. Sai kuma lambar tunawa da Komla Dumor, ɗan Gana ma'aikacin BBC da ya rasu cikin 2014, wadda ke kai mutum ɗakin labarai na Landan wata uku. Cikin 2017 Amina Yuguda, 'yar jarida daga Yola, ita ta ci.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Mu masu difiloma, kuma mu ne muka cika ɗakunan labarai, ƙofar digiri na biyu ba a buɗe take mana kai tsaye ba. Ka yi ƙaramar difiloma shekara biyu, ka yi shekara guda ta koyon aiki, ka koma ka yi babba shekara biyu, duk da haka jami'o'in gida da yawa sai sun sa ka ƙara wata difilomar ta share fage kafin su dube ka. Ban ce karatun jami'a ba shi da amfani ba, a can ne mutum zai san dokar ɓata suna, da tarihin ƙasashe, da dalilin da ya sa rahoton MacBride na 1980 ya koka cewa 'yan kamfanonin dillancin labarai na Turai da Amurka su ke shayar da duniya duka. Amma ni dai abin da ya fi zauna mini a kai ban same shi a aji ba. Ina sabon shiga na taɓa kawo labarin wani rikici da adadin mutanen da aka ce sun mutu, ina ta rawar jiki. Editanmu ya tambaye ni wa ya ƙirga su. Na ce haka ake faɗa a gari. Ya sa na wuni ina buga waya asibiti da ofishin 'yan sanda da fadar mai unguwa, da yamma adadin nan ya koma ƙasa da rabi, ƙabilar da aka ɗora wa laifin ma ashe ba ta wurin. Tun ran nan, in na ji an ce wane ya je Ingila karatu, abin da nake fara tambaya shi ne ko an sa shi a ɗakin labarai.

Wasu daga cikin tashoshin waje sun ajiye wakilai a Inugu ko Fatakwal, kuma suna ƙoƙari ƙwarai. Amma jihohin Kudu maso Gabas biyar ne, na yankin Neja Delta da ake kira Kudu maso Kudu shida, ina mutum ɗaya ko biyu za su kai? In rikici ya tashi, sau da yawa abin da ke riga wakili isa Arewa shi ne hoton da wani ya ɗauka da waya ya sa a WhatsApp, ba rana, ba wuri, wani sa'i ma na wata ƙasa ne daban.

Alhali kuwa ga waɗanda suka dace da aikin nan birjik a zango. Yaron da aka haifa a Asata yana jin Hausa a gida, yana jin Ibo a kasuwa, yana Turancin buroka a titi, ya yi allo ya yi boko tare da 'ya'yan maƙwabta. Zai iya shiga fadar Sarkin Hausawa da safe, da rana ya zauna da shugaban 'yan kasuwa na Ogbete, kowanne ya saki jiki da shi. Wannan baiwa babu jami'ar da ke koyar da ita, kuma tun da BBC ta buɗe sashen buroka cikin 2017, na Ibo da na Yarabanci cikin 2018, mai harshe uku ya ƙara daraja. Garin da ya taɓa ɗora Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sifawa ta ƙasar Sakkwato, a kan kujerar magajin gari cikin shekarun 1950, bai kamata a ce 'ya'yan zangonsa baƙi ne ga labarinsa ba. Sai dai yaran nan sukan faɗa tsakani. Jihar da aka haife su tana ce musu baƙi, jihar kakanninsu kuma ba ta san da su ba in an zo rabon sukolashif, ga uba yana bukatar mai tsare masa rumfa. Na zanta da samari da dama a wurin masu shayin nan, masu kaifin hankali, sun san sunan kowane mai karanta labarai na Landan da Bon, amma bai taɓa faɗo musu a rai cewa aikin nan koyonsa ake yi ba.

Ƙofofin kuma ba ƙaruwa suke yi kullum ba. Cikin Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi tsit bayan shekara 46. BBC ta bar tsohon gidanta na Bush House tun 2012, kuma babban rabo na aikin Hausa a Abuja ake yinsa, don haka tsohuwar hanyar nan ta a ari mutum a kai shi Landan ta ƙuntata. Ta wani gefen wannan sauƙi ne, gama horon ya matso kusa da gida.

Akwai wani saurayi ɗan tela da ya biyo ni har tasha ran da zan taso, yana tambaya ta ina zai fara. Na ce masa ya nemi gurbi a sashen koyon aikin jarida na kwalejin IMT da ke nan cikin Inugu, ko Nsukka, ko Jami'ar Bayero in yana da inda zai sauka a Kano. Na ce ya roƙi wani gidan rediyo na gari su bar shi ya riƙa zuwa ko da ba biya, ya kuma sayi littafi ya riƙa rubuta ranar da ya fara da sa'o'in da ya yi, ya adana kowane rahoto da ya fita da sunansa, domin duk takardun neman gurbin nan na waje su za su tambaya. Ya ciro ma'aunin ɗinki daga aljihu yana neman biro, bai samu ba, sai na ba shi nawa ya rubuta sunayen a bayan wata tsohuwar rasit.