Wankin Motar Da Ta Zama Gida A Hanyar Gaya Da Ajingi

Akwai wata irin mota da Turawa su ke ƙerawa da gado da murhu da tankin ruwa a cikinta, mutum ya yi wata da watanni yana tafiya, inda dare ya yi masa nan ne masaukinsa. A shekarun 1970 da 1980 irinsu sun sha ratso Hamada daga Aljeriya, su biyo ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram su sauka Kano, kafin rashin zaman lafiya na shekarun 1990 ya tsinke wannan hanya. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu mota ta zama gida. Alhazan shekarun 1950 da su ka bi ta ƙasa, ta Maiduguri da Fort Lamy, watau Njamena ta yau, zuwa Sudan, makonni su ka yi a bayan babbar mota. Har wa yau direban da ya yi lodi a Kano ya nufi gabas, ya haye gadar Wudil, ya ratsa Gaya ya miƙe Maiduguri, tafiyar da ta haura kilomita 500, a motarsa ya ke ci, a cikinta ko a ƙarƙashinta ya ke kwana shi da yaronsa. To, yaya za a tsabtace irin wannan gida a kan hanya, inda ruwa sai an saya?

Sai mu fara da ƙura, domin ita ce babbar abokiyar gaba. Hazon da ke rufe ƙasar Kano daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce ke ɗauko shi, mai yawa daga cikinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda wani babban tafki ya ƙafe tun zamanin da. A ido da hannu kamar garin alkama ya ke don laushi, amma akasarinsa niƙaƙƙen yashi ne, irin wanda a ke narkawa a yi gilashi, ya kuwa fi fenti ƙarfi nesa ba kusa ba. In an baro kwalta a Gaya an shiga hanyoyin ƙauyukan Ajingi, sai a gamu da jar ƙurar marmara da rairayin jigawa, su hau kan wancan.

Nan ne yaran mota su ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Da an tsaya shan shayi sai yaro ya zaro busasshen tsumma ya hau goge bodi da gilashi don ya burge maigidansa. Wannan ba shafa ba ce, kankara ce. Kowace ƙwayar yashi da tsumman ya ja tana barin siririn zane, yau ɗaya gobe dubu, har fenti ya dushe. Na gilashin gaba ya fi muni, gama da rana ba a ganinsa, sai da dare in fitilar wata mota ta haske shi, hasken ya watsu a idon direba ya rasa gefen hanya. Haka kuma wanda ya kunna abin goge gilashi ba ruwa. Gara a bar mota da ƙurarta kwana uku da a goge ta a bushe sau ɗaya.

Dabarar kuwa ba ta bukatar ruwa mai yawa. Jarka biyu daga wajen ɗan ga-ruwa sun isa ƙaramar motar kwana, in an bi tsari. A fara watsa ruwa zalla daga rufi, ya gangaro da yashin da kansa, ba a sa hannu ba tukuna. Sa'an nan a ajiye bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraya. Duk lokacin da tsumma ya taɓa mota, a nutsa shi cikin na ɗauraya yashin ya kwanta a gindi, kana a mayar da shi cikin na sabulu. Daga sama a ke sauka ƙasa, taya da gindin bodi su ne na ƙarshe, kuma da nasu tsumman daban. Garin sabulun wanki da a ka saba zubawa yana fid da datti, ba musu, amma yana cinye man da ke kare fenti, yana busar da robar tagogi. In robar ta tsattsage, ranar da ruwan sama ya sauko a kan katifa zai sauka.

Lokaci ma abin lura ne. Da bazara ƙarfen mota ya kan yi zafin da hannu ba ya iya zama a kansa, ruwa na taɓa shi ya ƙafe, ya bar farin tabo, balle in ruwan rijiyar mai zartsi ne. Saboda haka da sassafe ko bayan la'asar a ke wanki, a inuwa, a tsane da tsumma mai laushi nan take. Amma fa inuwar wanki daban, ta kwana daban. Wanda ya kwana gindin darbejiya ko itacen da balbelu ko jemagu su ke sauka, da safe zai tarar da aiki, kashinsu kuwa in rana ta gasa shi ya kan ci fenti ya bar alama. A jiƙa tsumma a ɗora a kai ya yi laushi, kada a kankare.

Da damina labari ya sake. Shinge da sauran ƙwari su kan manne a gilashi da fitilu da ragar lagireto, in ragar ta toshe iska ba ta ratsawa, injin ya ɗau zafi. Ɗigon sabuwar kwalta ɗan kananzir ke cire shi, a bi da sabulu maza. Abin da ya fi duka shi ne lakar da ke maƙalewa a ƙarƙashin mota da kewayen taya, inda ido ba ya kaiwa. Laka tana riƙe damshi kwana da kwanaki, damshi kuwa shi ke haifar da tsatsa. Mutanen Gaya ba sa bukatar a yi musu wa'azin ƙarfe, tun da labarin kafuwar Kano ya ce maƙeran Gaya ne, Abagayawa, su ka zo Dala neman tama. Motar da a ke goge fuskarta kullum a bar cikinta da taɓo, ranar sayarwa mai saye ƙasa zai leƙa, can kuma kuɗin zai zube.

Wani zai ce, me ya kawo sayen ruwa ga kogin Wudil a kan hanya? Ni dai ban ga alherin tura mota cikin kogi ba. Yashi da ruwa su kan shiga burki, ya ƙi kamawa sosai sai ya bushe. Baƙin mai da giris su bi ruwan da masunta da masu lambu da dabbobi su ke amfani da shi. Yaron da ya tsaya a ciki sa'a guda yana wanki kuma yana iya kwasar tsargiya, gama ƙwayar cutar ta fata ta ke shiga. A ɗebo a bokiti a fito tudu, nesa da gaɓa.

In ruwan bai fi buta ɗaya ba, to, a manta da bodi. A wanke gilashin gaba da madubai, da fitilun gaba da na baya, da lamba, da jan kyallen nan mai ƙyalli da a ke liƙa wa bayan manyan motoci. Ma'aikatan hukumar kiyaye haɗurra, wadda a ka kafa a 1988, su kan duba waɗannan, amma ba don su kaɗai ba. Babbar motar da ta lalace a gefen hanya tsakanin Wudil da Gaya cikin daren hazo, fitilunta na baya sun rufe da jar ƙura, mai tahowa a guje ba zai gan ta ba sai ya iso kanta, masu ita kuwa suna kwance a ƙarƙashi. Wanda ya ɗora faifan hasken rana a rufin motarsa shi ma ya rage masa kofi ɗaya, ya hau ya ɗauraye shi kafin rana ta fito, don ƙura tana rage wutar da ya ke tarawa.