Garwashi a Ɗaki, Ƙofa a Garƙame

Daga Disamba zuwa Janairu, idan hunturu ya kankama a Tafoki da sauran ƙauyukan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, da wuya ka shiga gidan da babu kaskon garwashi. Bayan Isha'i uwa takan jira gawayi ya ruru, hayaƙinsa ya ƙare, sannan ta shigar da kaskon ɗaki, ta toshe taga da tsumma, ta ja ƙyaure. A ganinta, tunda hayaƙi ya tafi, illa ta tafi. Nan kuskuren yake.

Garwashin da ya yi jajir yana fitar da wata guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta farkar da mai barci. Duk abin da ke ƙonewa inda iska ba ta wadata ba yana haifar da ita: gawayi, itace, kananzir, fetur, man gas. Idan ta shiga huhu sai ta maƙale wa sinadarin jinin da ke dakon iskar oksijin, kuma riƙonta ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Jini na zagayawa, amma ƙwaƙwalwa da zuciya na cikin yunwa.

Alamominta ne ke yaudarar mu. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a nemo ƙwayoyi. Idan aka wayi gari mutanen ɗaki guda duk sun sume, wasu su ce sammu, wasu su zargi tuwon jiya. Ni dai abin da nake fara tambaya shi ne: me ya kwana yana ci a ɗakin? Ciwon da ya kama kowa lokaci guda, kuma ya yi sauƙi da an fita tsakar gida, ba na sauro ba ne.

Ban ga laifin mai garƙame ƙofa ba. A yankin da 'yan bindiga suka hana mutane barci da ido biyu rufe, wa zai bar taga a buɗe? Tsoron ɓarayi kuma shi ke sa a ja janareta cikin zaure ko shago. Sai dai janareta wurinsa waje ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Haka direban tirelar da ya yada zango a Sheme ko 'Yankara, kan hanyar Funtua zuwa Gusau, ya ɗaga gilasai ya bar inji na aiki don ya ji ɗumi: ɓular salansa guda ta isa ta cika masa mota da gubar.

Mai ciki da jariri suna cikin waɗanda suka fi saurin jigata. Duk wanda aka samu a galabaice, a fitar da shi sarari, a buɗe ko'ina, a garzaya asibiti ko da ya farfaɗo. A iskar waje sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya bar jini, da oksijin na asibiti kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Manja da madara ba sa fitar da ita.

Jama'a, a ɗumama ɗaki, amma a fitar da kasko kafin a kwanta.