Maƙerar haske da labarin Masar ta da

Yara, wa ya taɓa ganin majigi a cikinku? Da dare ana kafa farin ƙyalle a fili, a kunna na'ura. Haske ya fito daga bakinta ya sauka bisa ƙyallen. Sai ga mutane suna tafiya, ga dawaki suna sukuwa. In ka zagaya bayan ƙyallen ba za ka iske kowa ba. Haske ne kawai.

To, a birnin Faris na ƙasar Faransa akwai wani gida inda aka tara majigi 140 a wuri guda. Da faransanci ana ce masa Atelier des Lumières, mu kuwa sai mu ce maƙerar haske. Da can maƙera ce ta gaske, an gina ta a shekarar 1835 don narkar da ƙarfe. A shekarar 2018 aka mai da ita gidan kallo. Tsawon bangonta ya kai metir 10. Ba a kafa ƙyalle a ciki. Hoto yana sauka bisa bango ko'ina, yana sauka har ƙasa inda ake takawa. In aka haɗa duk wurin da hasken ke rufewa, ya kai murabba'in metir 3300, wato kusan rabin filin ƙwallo. Mai kallo yana yawo tsakiyar hoton, hasken yana zuba har bisa rigarsa.

A shekarar 2024 an nuna tarihin Masar ta da a wannan gida, tun daga zamanin sarki Keyofs har zuwa na Ramses na 2. Waɗannan sarakuna su ne ake kira Fir'aunoni. Ku lura, Fir'auna ba sunan mutum guda ba ne. Sarauta ce, kuma sarakuna da yawa sun riƙe ta, ɗaya bayan ɗaya. Asalin kalmar a harshensu shi ne “babban gida”, wato fada.

Ina aka samo hotunan? Da yawa daga cikinsu mutanen Masar ta da ne suka zana su da hannunsu. Sun cika bangon kaburburan manyansu da zane da rubutu: ga manomi yana huɗa da shanu, ga masunci cikin kwalekwale, ga mata suna niƙa. Suna da wata hanya ta zana mutum. Fuska tana duban gefe, ido da kafaɗu suna duban mai kallo, ƙafafu kuma sun nufi gefe. Ma'aikatan gidan kallo suna ɗaukar hoton irin waɗannan zane-zane, su sa cikin kwamfuta. Nan suke yanke kowane mutum da kowane tsuntsu daban, su sa shi motsi. Daga nan kwamfuta ta raba babban hoton, ta ba kowane majigi yankinsa. Sai ta daidaita bakin wannan yanki da na wancan, kamar yadda tela ke haɗa ƙyalle biyu ba a gane ɗinki. In majigi guda ya goce ko da kaɗan, sai a ga kan mutum ya rabu da wuyansa.

Da haka masu kallo suka ga kogin Nilu yana gudu bisa bango. Sun ga duwatsu suna hawa kan juna har dala ta tsaya. Dalar Keyofs ta gaske tana Giza, kusa da Alƙahira. An gina ta wajen shekara 4500 da suka wuce, da duwatsu kusan miliyan 2 da dubu 300, kuma tsawonta na farko ya kai metir 146. An share shekaru wajen 20 ana aikinta. A maƙerar haske kuwa kamin ka gama mamaki an kai ƙololuwa.

Amma me ya sa suka sha wannan wahala don kabari? Mutanen wancan zamani suna bauta wa alloli da yawa, kuma sun ɗauka cewa wanda ya mutu yana bukatar jikinsa, da abincinsa, da sunansa a wata rayuwa. Shi ya sa suke zana gona da shanu a bangon kabari, don mamacin ya same su can. Shi ya sa kuma ba su barin gawar babban mutum ta ruɓe. Kun san abin da suke busar da ita da shi? Kanwa! Irin wadda ake jefawa cikin wake don ya nuna da wuri. Suna ɗebo ta daga wani kwari da har yau ake kira Wadi Natrun. Sai su rufe gawa da ita har ta bushe, su shafe ta da mai, su naɗe ta da dogayen ƙyallaye. Aikin duka yana cin kwana 70.

Suna fitar da kayan ciki su zuba cikin tuluna, amma zuciya suna barin ta a wurinta. A ganinsu da zuciya mutum ke tunani, kuma ita za a auna. Akwai wani zane da aka samu sau da yawa cikin takardun da suke binnewa tare da mamaci. An kafa sikeli. A hannu guda ga zuciyar mamacin, a ɗaya hannun ga gashin jimina guda ɗaya tak, alamar gaskiya. Anubis mai kan dila yana duba sikelin. Tot mai kan tsuntsu yana riƙe da alƙalami yana rubutawa. In zuciya ta yi daidai da gashin, sai a kai mutum gaban Oziris, sarkin matattu a wurinsu. In ta rinjaye shi saboda nauyin mugun aiki, ga wata dabba nan a tsugune tana jira. Kanta na kada ne, ƙirjinta na zaki, bayanta na dorina. Ita za ta haɗiye zuciyar.

Ko buzuzu bai tsira daga tunaninsu ba. Sun ga yana gangara dunƙulen kashin shanu a gabansa, sai suka ce haka ake turo rana kowace safiya daga gabas. Don haka za ku ga buzuzu cikin zanensu, da zobbansu, da layunsu. Wannan addini ya shuɗe tun da daɗewa. Mutanen Masar na yau galibinsu musulmi ne, akwai kuma kirista. Har rubutun da ma an yi ɗaruruwan shekaru ba mai iya karanta shi, sai a 1822 wani Bafaranshe mai suna Shamfoliyon ya gano kansa.

Yanzu ga abin da ya kamata mai kallo ya sani. Majigi yana ƙara abin da babu shi a kabari. Zanen da bai wuce tafin hannu ba, sai ya mai da shi ƙato ya fi raƙumi. Motsin da ake gani, ma'aikatan yau ne suka sa shi. Kiɗan da ke tashi ma na zamaninmu ne, don ba wanda ya ɗauki muryar makaɗan Fir'auna. Kabarin gaske kuwa wuri ne matsattse, mai duhu, mai zafi. Na sarki Tutankamon, wanda Baturen Ingila Hawad Kata ya gano a 1922, ƴan ƙananan ɗakuna 4 ne kawai, ko da yake an fitar da kaya fiye da 5000 daga ciki.

Duk da haka hasken yana da amfani babba. Fentin kaburbura ya tsufa ƙwarai, kuma numfashin mutane da zufarsu suna kawo danshi da ke ɓamɓare shi. Kabarin sarauniya Nefertari, matar Ramses na 2, yana cikin mafi kyau a Masar. An gano shi a 1904. Gishiri ya yi ta cin bangonsa, har sai da gwanaye suka yi aikin gyara daga 1986 zuwa 1992, kuma bayan haka aka taƙaita masu shiga. Amma hotonsa bisa bangon Faris, ko mutum dubu sun tsaya gabansa a yini guda, ba abin da zai sami fentin.

Nunin na Faris ya ƙare a farkon 2025. An kashe majigi, bango ya koma yadda yake, aka sa wani labari. Kayan gaske suna nan a Masar. A watan Nuwamba na 2025 aka yi bikin buɗe wani babban gidan tarihi kusa da dalar Giza, kuma can aka tara kayan Tutankamon wuri guda. Cikinsu har da fuskar zinariya da aka rufe kansa da ita, mai nauyin kilo 10.

Aiki

Ku sami kwali, ku zana buzuzu ko dila, ku yanke shi da almakashi. Da dare ku riƙe shi gaban tocila, ku haska bangon ɗaki. Ku matso da shi kusa da tocilar, sa'an nan ku nisantar da shi. Yaushe inuwar ta fi girma? Gobe ku faɗa wa malam abin da kuka gani.