Birnin Gwari: Hanyar da ke sada Arewa da bakin teku

Duk tirelar da ta ɗauko shanu ko masara daga Funtuwa ko Kaduna zuwa Legas, hanya mafi kusa ita ce ta Birnin Gwari. Daga nan sai Tegina, sai Mokwa, a tsallake Kogin Neja a Jebba, a ratsa Ilorin da Ibadan. Kayan da aka sauke daga jiragen ruwa a tashar Apapa ma ta nan suke haurowa Arewa, wasu har Maraɗi.

Amma shekara da shekaru 'yan bindigar da suka yi sansani a dajin Kamuku sun mayar da wannan hanya tarkon mutuwa, musamman tsakanin Buruku, Udawa da Kuriga. Direbobi da dama suka koma zagaye ta Abuja. Man da ake ƙonawa ya ƙaru, kuɗin dako ya tashi, kuma a ƙarshe mai saye ne ke biya. Manomin yankin kuwa, ga amfanin gona amma masu saye na tsoron zuwa.

A watan Nuwamban 2024, bayan sulhu da 'yan bindigar, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin, manyan motoci suka fara dawowa.

Sai dai akwai sauran aiki. Titin ya lalace, ramuka na tilasta wa direba tafiyar hawainiya a tsakiyar daji. Muddin ba a gyara shi ba, kuma sulhun bai ɗore ba, fatake za su sake juya wa Birnin Gwari baya.